Muryar Goggo a Tsohuwar Kwamfutata

Bayan na gama karatu na dawo Ƙaraye ban samu aiki ba, sai na haɗa wa danginmu manhajar hira. A warwatse muke, wasu a Unguwar Hajji, wasu a Rogo, wasu can rugage inda sabis ba shi da ƙarfi, saƙo ya yi ta juyi bai tafi ba. Tawa ba ta da nauyi, tana matse saƙon murya ta riƙe shi har sabis ya dawo. Sabar da duk saƙonnin ke bi ta cikinta wata tsohuwar kwamfuta ce, na ajiye ta a ɗakina da batirin sola.

Da farko kowa ya shiga. Sannu a hankali matasa suka koma manyan manhajoji masu bidiyo, iyaye suka bi su. Ban ga laifinsu ba. Aka bar Goggo, ƙanwar mahaifina da ke aure a Rogo. Ba ta yi boko ba, maɓalli ɗaya ta sani, wanda ake dannawa a yi magana. Kowace safiya sai ta turo gaisuwa, ta fara da Fillanci ta ƙarasa da Hausa, tana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya, ta ba su labarin shanu da ruwan da aka yi. Na taɓa gaya mata cewa duk sun tashi. Ta tambaye ni ko ni ina ji, na ce ina ji. Ta ce to ya isa.

Saboda ita na ci gaba da kula da sabar. Da rumbun bayanan ya cika ya fara nauyi, na sake masa tsari, na ware muryoyi gefe guda, na sa yana kwafin kansa a wani faifai. Abokaina suna yi mini dariya, wai ina gyaran gida babu mazauna.

Ta rasu lokacin cirar gyaɗa, bayan gajeriyar jinya. Da muka dawo daga zaman makoki na yi niyyar kashe kwamfutar, na yi ta ɗagawa. Wata safiya sai ga saƙo daga lambarta. Na daɗe ina kallonsa kafin na buɗe. Numfashi na fara ji, da carar zakara, sannan muryar mijinta, Baffa, dattijon da ban taɓa gani da waya a hannu ba.

"Ɗana, an ce maganarta tana wurinka. In babu wahala, ina so in ji."

Na kwashe muryoyin a wayata na hau mota zuwa Rogo. Muka zauna a zaure na kunna masa. Ya saurari wanda take cewa farar saniya ta haihu, ya ce a maimaita. A wani kuma tana ƙorafin ya ƙi shan maganin tarinsa, ya ɗan yi murmushi, ya share ido da bakin rawani. Na ce zan zuba masa duka a wayarta. Ya ce a'a, in yana da su a hannu ba zai iya fita gona ba, in bar su wurina, in riƙa zuwa.

Ya rako ni har bakin hanya, ya tsaya har na samu ɗan acaɓa.