Ragar da ke Cikin Gyambon Ƙanena

Ni na sa wa ƙanena saƙar gizo a ƙafa, ba zan ɗora wa kowa ba. Fartanya ce ta sare shi a gonarsa ta Kumbashi, ya hau babur ya zo wurina Kontagora da tsumma ɗaure a yatsu. Na kwaso saƙar daga bayan rumbu na danna a kan ciwon, yadda uwarmu take yi mana. Jini ya tsaya. Sai dai shi mai ciwon suga ne, ni kuma ban ɗauki wannan a bakin komai ba.

Kafin kwana goma ciwon ya zama gyambo, mugunya mai kauri tana jan zare in na goge. A asibiti likita ya ce in bai kame ba, za a yanke ƙafar. Manomi kuwa in ba ƙafa, ai an gama da shi.

Mai wanke masa ciwon wata malamar asibiti ce 'yar Rijau, Hausarta da karin Dukanci. Ban yarda da hannun kowa ba, sai na tsaya a kanta.

"Mama, matsa mana, kin tare mini haske."

"Ba inda za ni. Wannan yauƙin da kike cirewa, saƙar da na sa ce?"

Ta yi dariya. "Saƙarki datti ta kawo kawai. Wannan ta jikinsa ce."

Ta ce akwai wasu ƙwayoyi a cikin jini, su ke fara isa wurin rauni. In cuta ta yi musu yawa, sai wasunsu su fashe, zaren cikinsu ya bazu ya zama raga, ƙwayoyin cuta su maƙale. Har da shi ke sa mugunya yauƙi.

"To in raga ce mai kama cuta, don me kike kwashe ta?"

"Na mai suga ba su san ya isa ba. Su yi ta jefawa, raga kan raga, har sabon nama ya rasa inda zai tsiro."

Ƙanena ya ɗago kai daga gado. "Halinki sak, Yaya. Tsaro har ya zama cuta."

"Rufe mana baki, sarkin noma ba takalmi."

Na ce a nuna mini ƙwayoyin, ta ce ido ba ya ganinsu. Sai ta nuna mini abin da hannu zai iya: wanki, sabon bandeji, da awon tuwonsa. Na ƙwace masa sukarin koko, ya yi kwana uku ba ya gaishe ni. Kullum ina leƙa gyambon in ga ko zaren ya ragu, kuma yana raguwa.

Ƙaramin yatsa aka cire, ƙafa ta tsira. Da damina ya koma gona da takalmin roba.

Abu ɗaya na manta ban tambayi yarinyar nan ba. Ƙwayar da ke fashewa don ta kama cuta, wa ke gaya mata lokaci ya yi? Saƙar bayan rumbu tana nan, nakan tsaya in dube ta, amma ban ƙara sa wa kowa ba.