Ok-bun Mai Awara da Hanyar Dutse

Ina shanya ƙananan kifi a bakin ruwa wayar Tae-sik ta shigo. Ya ce mahaifiyarsa Ok-bun ta rasu a asibitin birni. Na zauna a ƙasa, na tambaye shi wane jirgin ruwa zai kawo ta gida. Sai ya ce:

"Inna, ba za a kawo ta ba. Ƙona ta za a yi, a ajiye tokar a nan kusa da mu. Ita ta ce a yi haka, tun bara."

Tun bara! Ni kuwa wata biyu da suka wuce muna tare da ita a kan dutse.

Ok-bun 'yar Solgumi ce, ni kuma a Dolpo nake. Tsakanin ƙauyukanmu babu titi sai wata siririyar hanya da ke bin gefen dutse, ka hau ka gangara ka sake hawa, teku na ƙugi can ƙasa. Tun tana amarya take bin hanyar nan da kwanon awara a kai. Takan iso mana wuyanta sharkaf da gumi, tana zagin duwatsun ɗaya bayan ɗaya, awarar kuma ko ɓantarewa ba ta yi ba. Gajeriya ce mai faɗin ƙafa, ga baki. Idan ka ce awararta ta yi tsami sai ta ce harshenka ne ya kwana a rana.

Jirgin kamun kifi ɗaya ya tafi da mazajenmu, bai dawo ba. Da aka gaji da nema, aka binne rigunansu a kan tudun da ke tsakiyar hanyar, suna fuskantar ruwa. Ranar muka bar fili a gefensu, muka yi alkawari nan za mu kwanta, ni da ita, kafaɗa da kafaɗa. Takan ce, "Yaya, idan kika yi min minshari a can, tashi zan yi in koma gida."

Kowace shekara kafin bikin kaka, kowacce ta taso daga ƙauyenta da lauje, mu haɗu a tudun mu yanke ciyawar kaburburan, har da ta filinmu. Mu zuba wa mazan giyar shinkafa, mu shanye sauran. Gwiwoyinmu suka lalace, ba mu fasa ba.

Bana na riga ta isowa, abin da bai taɓa faruwa ba. Na hango ta tana hawowa da hannu da ƙafa, tana tsayawa tana riƙe ciki. Na ce mata tsufa ya kama mai awara. Ta ce in rufe mata baki in miƙo ruwa. Ta share kabarin mijinta tas, ta share gefena na filinmu. Nata gefen ta bar shi da ciyawa, wai ta gaji. Ban kawo komai a raina ba.

Ashe ta san ciwon da ke cinta, ta kuma gama magana da ɗanta. Tae-sik ya ce ba ta son ya riƙa hawan wannan dutse duk shekara saboda ita, shi da ke fama da baya. Na ji, uwa ce. Amma ni fa? Ta zauna kusa da ni, ta sha giyata, ta bar ni ina nuna mata inda rana za ta riƙa faɗo mana da safe. Da ta faɗa min, da na yi masifa, na yi kuka, sannan na goya ta zuwa gida. Ko wannan ba ta bar min ba.

A ranar sharar nan, da za mu rabu a inda hanya ta rabu biyu, ta miƙo min laujenta.

"Riƙe min wannan, Yaya, ya yi min nauyi."

"Ke da kika ɗauki awarar gari guda? Raguwa kawai! Baɗi ki zo ki karɓi abinki, ni ba 'yar aikinki ba ce."

"To, na ji. Ki bi a hankali wajen gangaren nan, akwai santsi."