Tsinken tsintsiya da hannun abokina

Shekarun baya can, aka yi mini aiki a wani asibiti, aka cire ƙululun nan na ƙarƙashin mafitsara da ke hana dattawa fitsari, wanda likitoci ke ce wa furostet. Na dawo gida Maiyama na warke. Ni dama ba mai yawo ba ne, daga ɗaki sai ƙofar gida, sai dai kunnena ba ya barin zance ya wuce.

Wata safiya wajen wanka na lura gabana ya ragu. Ban faɗa wa kowa ba, har uwar yarana. Na karya tsinken tsintsiya daidai tsawon, na soke shi a bayan hulata. Kullum sai na gwada. Yau ya kai tsinken, gobe bai kai ba.

A lokacin kuwa 'yan acaɓa na ta labarin masu ɗauke wa mutum gaba da musabaha. Sai zuciyata ta tafi kan abokina, mai sayar da albasa a Aliero, wanda muka tashi tare. Duk Juma'a yana zuwa duba ni, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Da ya tafi sai in ruga bayi, in tarar abin ya ƙara shigewa. Na daina ba shi hannu. Har na yi niyyar faɗa wa 'ya'yana, alhali na san da maganar ta fita, duka zai sha kafin a tambaye shi.

Juma'a ta uku da fara hana shi, ya miƙo hannu, na cusa nawa a aljihu. Ya dube ni ya ce, “Alhaji, mi na yi maka?”

Na faɗa masa, kaina a ƙasa. Bai yi dariya ba, bai yi faɗa ba. Ya ce Litinin in shirya, shi zai kai ni wurin likita a kan babur ɗinsa.

Likitan ya ce hakan na faruwa bayan irin wanga aiki. In an cire ƙululun, ana jawo hanyar fitsari a haɗa, abin ya ɗan shige ciki. Jijiyoyin ma sukan daɗe ba su farka ba, naman da ba ya miƙewa kuma yakan tsuke. Ga tumbin da na ajiye a zaman gida, ya rufe gindin. Sanyi da tsoro su ma suna sa ya noƙe. Awon gaskiya, in ji shi, da abin awo ake yi, a danna shi kan ƙashin mara, a ja gaban a hankali, a ɗaki mai ɗumi. Sau da yawa kuma yana ɗan dawowa da lokaci.

Na zaro tsinkena na nuna masa. Ya juya shi ya ce, “Baba, kafin aiki ka taɓa aunawa?”

Ban taɓa ba. Ashe da abin da nake tunawa na samartaka nake kwatantawa.

Kunyar jikina ta wuce tuni, ta zargin nan ce ba ta wuce ba. Har yau in ya zo yakan tsaya nesa, hannunsa a baya, ya ce, “Duba kayanka tukuna, sannan mu gaisa.” Ni nake tashi in kamo hannun.