Magudanar Ɗaki na Tara

Kawuna magini ne, ya shekara arba'in da biyar yana ɗora dutse kan dutse. Leburori suna kiransa Baba Dutse, wai don ya fi magana da duwatsu a kan mutane. Shi kuwa yakan ce ai dutse bai taɓa kai ƙararsa ba.

Da aka rufe tsohon gidan yarin garinmu za a mayar da shi gidan tarihi, babbar 'yarsa ce injiniyar da aka ba aikin. Ginin ya haura shekara ɗari. Kaurin katangarsa ya kai tsawon hannun mutum, rufin ɗakunan a lanƙwashe yake kamar baka, tagogin kuwa can sama, ko kai ba ya shiga. Ba a sa masa siminti ba, da farar ƙasa da yashi aka haɗa duwatsun, kuma masu iya wannan aiki sun ƙare sai Kawu. Sau uku tana roƙonsa yana cewa gwiwa ta hana, sai da matarsa ta sa baki ya yarda.

Tun makon farko 'yar ta lura ba ya tambayar hanya. Kafin ya shiga wata ƙofa sai ya sunkuya, tun bai ga gajartarta ba. Ta yi masa tsiya cewa ko shi ya gina wurin, ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Wata Laraba da azahar ruwa ya kece. Cikin awa guda tsakar gidan yarin ta zama tafki, ruwa ya fara gangarawa ɗakunan ƙasa. Katangar gabas ta soma zufa, farar ƙasa tana zubowa daga tsakanin duwatsu kamar kunu. A bayan katangar nan akwai layin shaguna cike da mutanen da suka fake. 'Yar Kawu ta aika leburori biyu su kore su, suka dawo suka ce rabi sun ƙi fitowa cikin ruwa. Ta shimfiɗa taswirar ginin a kan benci. Babu magudana ko ɗaya a jikin takardar.

Kawu yana tsaye a bakin ƙofa, ruwa ya kai masa ƙwauri. Wani dutse ya zame daga saman katangar ya faɗo. Sai ya ce a ɗauko guduma a biyo shi ɗaki na tara.

"Baba, me ke ɗaki na tara?"

"Magudana. Tana ƙarƙashin daɓen, daga kusurwar hagu."

Ta ce ba za ta fasa daɓen da ya shekara ɗari a kan zato ba, hukuma ba za ta yafe mata ba. Ta tambaye shi wa ya faɗa masa. Leburori shida suna tsaye suna kallonsu.

"Daɓen nan bai kai hamsin ba," in ji Kawu. "Ni na yi shi. Wani ya so gudu ta ramin, gandiroba ya sa ni na toshe. Shekara uku na kwana a ɗakin nan."

Ta karɓi gudumar daga hannun lebura ta miƙa masa.

Ruwa ya kai cinya a ɗakin, sai da ƙafa ya lalubo wurin. Yana duka yana haki, gudumar tana nutsewa ba ta cin daɓen. Suka riƙa karɓa-karɓa, daga waje kuma ana jin duwatsu suna faɗowa ɗaya-ɗaya. Wajen duka na talatin daɓen ya rufta, ruwan ya juya da ƙarfi har ya ja ƙafar Kawu cikin ramin. Ita ce ta cafko wuyan rigarsa, wasu biyu suka fizgo shi. Kafin la'asar tsakar gida ta tsane. Katangar ta tsage amma ba ta faɗi ba.

A mota ya faɗa mata sauran. Yana ɗan shekara ashirin ya karya wa wani muƙamuƙi a wurin faɗa, mutumin bai ƙara magana daidai ba har ya mutu. Da aka ɗaure shi, a gidan yarin wani tsohon fursuna ya koya masa gini. Mahaifiyarta ta sani tun kafin aure, ita kaɗai.

Kwana huɗu 'yar tana gaishe shi kawai ta wuce. Ya ce mini kwanakin nan sun fi shekara ukun tsawo. A na biyar ta zo da littafi da biro, ta ce taswirarta cike take da ƙarya, ya tashi su zagaya ya gyara mata. Sun yi wata biyu suna wannan aiki, yana ɗingishi tana rubutawa.

Ranar buɗe gidan tarihin an aiko masa da kati, bai je ba. Wani maƙwabci yana da katangar da ta karkace, can ya wuni.