Kuskuren da Ta Rubuta a Kundinta

Shekarar da aka ce mu daina auna ƙananan likitoci a takarda, ni aka ɗora wa kula da biyu daga cikinsu, namiji da mace, a asibitin da nake aiki a Haɗejiya. Kowannensu aka buɗe masa kundi a intanet. Duk mara lafiyar da ya duba sai ya shigar, ya rubuta abin da ya yi da abin da ya koya, ni kuma in buɗe kwamfuta in karanta in sa hannu. A ƙarshen shekara kwamiti zai duba kundin ya yanke wanda ya isa ya ci gaba.

Ranar farko na ce musu, "Kada ku cika mini shi da yabon kai. Inda kuka yi kuskure ku rubuta, amfaninsa ke nan."

Namijin ya gyaɗa kai, bai taɓa rubuta ko guda ba. Macen kuwa, wata Bafulatana daga wajen Kafin Hausa, mai ƙarancin magana, ta ɗauki zancena da gaske.

Da damina ta yi nisa kogi ya cika ya batse. Wata safiya aka aiko mini cewa ruwa ya fasa jingar gonata ta shinkafa. Ranar ni ya kamata in zagaya ɗakin yara marasa lafiya tare da likitar macen. Na ce mata yanzu zan dawo, na tafi gonar, ban dawo ba sai bayan azahar.

A tsakanin nan aka kawo wata yarinya 'yar shekara uku daga wajen Miga da zazzaɓi. Likitar ta ba ta magani, amma cunkoso ya sa ba ta tura a auna jininta da wuri ba. Ko da ta waiwayo, tafin hannun yarinyar ya yi fari fat. Ta sa aka yi mata ƙarin jini, Allah Ya yi da sauran kwana, yarinyar ta tashi.

Washegari na ga ta rubuta komai a kundin, har da cewa laifinta ne. Ba ta ce ita kaɗai ce a ɗakin ba. Ba ta ambaci inda nake ba. Na karanta sau biyu, na sa hannu.

Ranar zaman kwamiti aka haska shafin a bango. Shugaban ya karanta a fili, ya juyo gare ni.

"Dakta, kai ke kula da ita. Kana da abin cewa?"

Na ce, "Yarinya ce mai ƙoƙari, amma tana buƙatar ƙarin lokaci."

Aka ƙara mata wata shida. Abokin aikinta, mai kundi fes, ya wuce.

Bayan kwana biyu ta same ni a ofis. Ba ta zauna ba.

"Ranka ya daɗe, kai ka ce mu rubuta."

Na ce, "Haka ne. Ki yi haƙuri, haka tsarin yake."

Ta dube ni kaɗan, ta ce, "To, na gode," ta fita.

Daga ranar kundinta ya zama kamar na kowa: na duba, na ba da magani, ya warke. Ni kuma ina sa hannu. Sai da ta kusa gama wata shidan na rubuta wa shugaban kwamiti gaskiyar abin da ya faru. Ya kira ni ya yi mini faɗa, ya ce hukuncin ya riga ya shiga, ba ya gyaruwa.

Yanzu tana aiki a wani gari. Takan turo mini marasa lafiya da wasiƙa mai ladabi, ni ma in amsa da ladabi. Har yau ban san ko ta ji labarin takardar da na rubuta ba, kuma kunya ta hana ni tambaya.