Tagar da ba ta sallama

Aikina yana da wuyar bayani a gida. In an tambayi Gwaggo mi nake yi a birni, sai ta ce ina gyaran kwamfuta, ni kuma na gaji da musu na bar ta a haka. Gaskiyar ita ce, in mutum ya buɗe abubuwa da yawa a fuskar kwamfuta, kowanne a tagarsa, dole a samu ƙa'idar da za ta ce wannan taga ce a sama, waccan a ƙasa, kuma in an danna harafi ga wadda za ta karɓa. Ni da wasu mutane da ban taɓa gani ido da ido ba muke rubuta wannan ƙa'ida. Muna faɗa a kanta kamar masu rabon gado, kuma ban cika yarda a kayar da ni ba.

Baba ya yi shekarunsa yana aikin ban ruwa a Wurno, shi ke buɗe ƙofofin ruwa ga masu shinkafa da albasa, tun lokacin da ruwan dam na Goronyo ya fara isowa da rani. Bayan ya ajiye aiki, kuma Inna ta rasu, sai na kai masa tsohuwar kwamfutata, da tsarinmu na gwaji a ciki. Ya ce zai rubuta wa jikokinsa labarin kakarsu, tunda yawancinsu ba su san ta ba. Da yatsa ɗaya yake rubutu, kansa a sunkuye yana farautar haruffa, ba ya ɗagowa sai ya kai ƙarshen magana ya danna babban maɓallin nan na sauka layi. Na sha yi masa tsiya a kan haka, shi kuma ya ce ai ba tsere ake ba.

Da na zo gida lokacin cirar albasa, sai na tarar da kwamfutar a kan akwati an lulluɓe ta da tsohon rawani.

Na ce, "Baba, mi yas same ta?"

Ya ce, "Ba komi, Uwata. Wagga aba ta yara ta." Uwata yake ce mini don sunan mahaifiyarsa gare ni.

Ban yarda ba, don na san shi. Gwaggo, ƙanwarsa da ke zaune tare da shi, ita ta ja ni madafa ta faɗa mini. Wai sau da yawa yakan zauna ya yi rubutu mai tsawo, in ya ɗago kai sai ya ga babu komai, layin yana nan inda ya bar shi. Tun yana ɗauka kuskure ne har ya fara zargin kansa. Mahaifinsu da gigin tsufa ya rasu, yana kiran 'ya'yansa da sunayen matattu, kuma Baba ne ya yi jinyarsa har ƙarshe. Yanzu ya sa a ransa cewa abin ne ya zo kansa, yana ganin ya yi abu alhali bai yi ba. Gwaggo ta ce ya rage hira, in an tambaye shi wani abu na da sai ya ce a tambayi wani. 

Washegari da hantsi na shimfiɗa masa tabarma a inuwar ɗaki, na ɗauko kwamfutar. Ya ƙi. Na yi magiya, na yi fushi, na ce ba zan koma birni ba sai ya rubuta mini ko layi biyu. Ya ce ni dai taurin kaina na Inna ne, sannan ya gyara tabarau ya sunkuya. Na zauna a bayansa ina kallon fuskar kwamfutar.

Layi ɗaya ya shiga lafiya. Sai ya motsa gwiwa, wayar caji ta ɗan saki, wata 'yar taga ta faɗo tsakiya tana cewa batir ya yi rauni. Baba bai gani ba, yana ta danne-dannensa. Kowane harafi cikin 'yar tagar nan yake faɗawa, ita kuwa ba ta da inda za ta ajiye shi. Ya yi kusan minti goma a haka. Da ya kai ƙarshe ya danna babban maɓallin, tagar ta ɗauka an ce mata to, ta ɓace. Ya ɗago. Ya daɗe yana kallon layin nan guda, sannan ya cire tabarau a hankali ya ajiye, bai ko juyo ba.

Innalillahi! Ni na rubuta wannan. Ni na dage cewa sabuwar taga ta hau sama ta karɓi haruffan da ake dannawa nan take, don kada mutum ya wahala yana nemanta. Wani daga cikinmu ya ce akwai masu rubutu ba sa kallon allo, na ce masa su koyi kallo. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, na ji haushin kaina.

Na ce, "Baba, duba nan, kada ka sunkuya." Na girgiza wayar cajin, tagar ta fito. Na danna haruffa yana gani suna tafiya a banza. Na danna babban maɓallin, ta ɓace. Sau uku na yi masa.

Ya ce, "Wagga taga, in taz zo, ba ta sallama?"

Na ce ba ta yi.

"Haka nan taka faɗowa bisa mutum yana cikin magana? Wa yar rene ta?"

Na ce ni ce. Ya dube ni, dariya ta kusa kuɓuce masa.

Daga baya na sake ƙa'idar. Sabuwar taga ta tsaya a gefe ta ba da alama, ba ta hawa kan wadda ake aiki da ita, kuma ko harafi ɗaya ba ta samu sai mai kwamfutar ya taɓa ta da kansa. Wata uku muna jayayya kafin a karɓa, wannan karon ni ce ke roƙo. A cikin rubutun ƙa'idar, "sallama" na sa wa matakin suna, na yi musu bayanin kalmar, suka bar ta.

Amma a ranar, a kan tabarmar nan, Baba bai damu da gyara ba. Ya riƙe hannuna ya ce, "Uwata, gaya min gaskiya don Allah. Ba kaina na ba?"

Na ce, "Ba kanka ba ne, Baba. Duk abin da ka ce ka rubuta, ka rubuta shi."

Ya yi hamdala a hankali, ya sake yi, hawaye na bin gemunsa. Ban taɓa ganin kukansa ba, ko ranar rasuwar Inna. Ya tambaya ina rubutun ya tafi, na ce babu shi, ba ya dawowa, na roƙe shi ya yafe mini. Sai ya turo mini kwamfutar.

Ya ce, "Rubuta. Ranar da munka ƙetare gulbi za mu Rabah, kakarku tat tuɓe takalmanta tar riƙe ga hannu. Nic ce akwai ƙaya. Tac ce gara ƙaya ta soke ta da ruwa ya ɓata su, tunda ni nas saya mata."

Haka ya yi ta kawowa, shafi bayan shafi, duk abin da tagar ta cinye a watannin nan, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da na tsaya share ido sai ya ce in yi sauri, akwai saura da yawa.