Tulin Ƙasar Malam Iro

Ranar sunan ƙanena Sadiƙu ce, da kaka, a shekarar da na shiga aji uku na firamare. Tun da hantsi gidanmu da ke wajen Ƙofar Kuyambana ya cika da mata, hayaƙi ya turnuƙe tsakar gida, ana daka ana guɗa. An raɗa suna, an yanka rago, Babanmu ya koma zaure da baƙinsa. Innarmu, daga ɗakin jego, ta damƙa mini hannun ƙanwata Ummi, wadda ba ta daɗe da iya tafiya ba, ta ce in fita da ita waje kada a taka ta ko ta faɗa wa wuta.

Baba yana da wata tsohuwar mota mai ruwan toka da yake kai shadda da zare kasuwannin ƙauye. Lungunmu bai ɗaukar mota, don haka a bakinsa take kwana, a kan gangaren da ya miƙe zuwa kududdufin unguwa. Ramin nan tun kakanni ake haƙar ƙasar gini a cikinsa, ruwan damina ya cika shi fal, kainuwa ta rufe samansa, kuma ba wanda ya san zurfinsa. Birkin hannun motar ya daɗe da mutuwa. Idan Baba ya tsaya sai ya bar ta a giya, ya tura wani ƙaton dutse a gaban taya, ya yi addu'a ya tofa. Kullum yakan ce, "Sa dutse namu ne, tsarewa ta Allah ce."

A makon nan Baba bai shiri da maƙwabcinmu Malam Iro magini. Malam Iro ya haƙo ƙasa zai gyara katangarsa da ruwa ya ci, ya tula ta a gindin gangaren, yana kwaɓawa da ciyawa yana takawa, daidai inda Baba yake juya mota. Sun yi musayar magana har Baba ya ce in bai kwashe ba, zai kai shi gaban mai unguwa. Malam Iro ko wajen raɗin sunan bai zo ba.

An hana mu shiga motar, amma duk yaran lungu mun san ƙofa ɗaya ba ta kulluwa. Na ɗauki Ummi na zaunar da ita a kujerar gaba, na haye wurin direba, ina murɗa sitiyari ina kiran "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" Abin da ban sani ba, sai daga baya na ji, shi ne Gwaggo Asabe, yayar Baba da ta zo daga ƙauye, ta rasa dutse na uku da za ta kafa murhun babbar tukunya. Ta leƙo waje tun kafin mu fito, ta ga dutse zaune a gindin mota ba ya aikin komai, ta sa 'yan mata suka mirgina mata shi cikin gida.

Na sa hannu biyu na finciko sandar giya kamar yadda na ga Baba yana yi. Ta yi ƙara, ta saki. Da farko na ɗauka katangar gefe ce ke tafiya. Sai na ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin taya, na ga kududdufi yana matsowa. Ummi ta fara tafi tana dariya. Na zame ƙasa ina laluben birki da ƙafa, na taka wani abu ya lotsa ba tare da ya riƙe komai ba, na ɗago na kama sitiyari, ya ƙi juyawa. Motar kuwa sai ƙara sauri take. Wata mai tallar gyaɗa ta yar da farantinta ta ɗora hannu a ka tana ihu. Ba zan ɓoye ba, na kama hannun ƙofa zan dira. Ummi ta ga fuskata, dariyar ta tsaya, ta cafki rigata ta ce "Yaya." Na saki ƙofar na rungume ta. Duk addu'o'in da aka koya mana a makarantar allo suka gudu daga kaina, bakina bai iya komai ba sai "Ya Allah, ya Allah." Ta gilashin baya na hango Baba a guje ba takalmi, babbar rigarsa tana harɗe shi, kuma na san ba zai cim mana ba.

Sai motar ta nutsa cikin wani abu mai laushi, muka kifa gaba, laka ta fantsamo ta rufe gilashi. Tulin ƙasar Malam Iro ne. Hancin motar ya shige ciki ya maƙale, ruwan kuma ga shi nan a bayan tulin, kainuwa tana rawa. Malam Iro, da laka har gwiwa, shi ya zaro Ummi ta taga, leɓenta ya fashe yana jini, sannan ya janyo ni. Baba ya iso ya karɓe mu, ya shafa kawunanmu, ya zauna daɓas a cikin laka da farar rigar suna.

"Alhaji," in ji Malam Iro, "wallahi da safen nan na yi niyyar kwashewa don kada mu kai ga mai unguwa. Mai jakin da zai ɗebe mini ne bai zo ba."

Baba ya daɗe yana kallon ruwan. Ya kama hannun Malam Iro da lakarsa ya ce, "Ka yafe mini." Can sai ga Gwaggo Asabe tana kuka, an mirgino dutsen a bayanta, ya yi baƙi da hayaƙi. Ta ce, "Ni ina na san a birni dutse ma yana da aikin yi?" Ba wanda ya iya dariya sai bayan la'asar. Baba bai dake ni ba, kuma da dukan ya fi mini sauƙi. Da kansa ya kai wa Malam Iro cinyar rago.

Yau an cike kududdufin an gina shaguna a kansa, katangun ƙasa sun koma na bulo, Baba da Malam Iro duk sun riga mu gidan gaskiya. Motata birkinta lafiya lau, kuma ina jin kunyar faɗi cewa sau da yawa nakan tayar da ita ko bisimilla ban yi ba. Kwanan baya wani ya zube yashi a hanyar da nake bi, na sauke gilashi zan zazzaga masa masifa, Ummi tana gefena, da ɗan tabonta a leɓe. Ta dube ni kawai. Na ɗaga gilashina na kewaya.

Har yau ban san wane tuli ne aka ajiye domina ba.